Ƙyauren Taga Na Katako Ko Na Roba: Yadda Za Ka Zaɓa Kafin Ka Tura Kuɗi

Darasin yau ya ɗan kauce daga waya, amma da wayar za mu yi aikin. Da yawa daga cikinmu a Instagram ko WhatsApp muke ganin hoton ƙyauren taga mai falle-falle, irin wanda ake karkata fallayensa a rage haske ba tare da an toshe iska ba. A hoto, na katako da na roba duk kyau ɗaya gare su. Bambancin sai an shekara yake fitowa, lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi.

Na robar da PVC ake yin sa, sinadari ɗaya da bututun ruwa da silin ɗin roba. Ba ya shan ruwa, gara ba ta cin sa, ba ya buƙatar fenti, tsumma mai laima ya isa goge shi. Matsalarsa zafi. Yadda PVC ke miƙewa idan ya ji zafi ya ninka na katako fiye da sau goma. Falle mai tsawon mita 1 zai iya ƙara kusan milimita 2 idan zafi ya ƙaru da digiri 30. Kana iya cewa wannan ba komai ba ne, amma ya isa ya sa ƙyaure ya riƙa cijewa da rana. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, a inuwa ma ke nan. Abin da rana ke duka kai tsaye ya fi haka zafi sosai, musamman idan launinsa mai duhu ne. Roba mai arha, wadda cikinta holoko ne, takan lanƙwashe a irin wannan yanayi, kuma idan ta lanƙwashe ba ta gyaruwa. Mai kyau ana saka mata alminiyum a ciki, ana kuma haɗa ta da sinadarin da ke hana rana mayar da ita ruwan ɗorawa.

Shi kuwa katako zafi bai dame shi ba, laima ce ke juya shi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Idan kafinta ya yi aiki da ɗanyen katako, hunturun farko zai tona asiri: ka ga tsaga, ka ga mahaɗa ta buɗe baki. Maɗaci da iroko suna da ƙwari, gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Farin katako marar nauyi kuwa sai an yi masa magani sosai. Sannan dole a riƙa sabunta masa fenti ko banish. Amfaninsa shi ne ko ya lalace kafinta zai kankare, ya sauya falle ɗaya, ya mayar maka da shi sabo.

Yanzu ɗauko wayarka. Buɗe manhajar kamfas, ka tsaya a gaban tagar kana kallon waje. Idan yamma take kallo, ranar la'asar za ta riƙa dukanta kullum, don haka busasshen katako ya fi, ko farar roba mai alminiyum a ciki. Idan gabas ce, ka tuna a ƙasar Hausa daga can hadari ya fi tasowa, ruwa zai riƙa feshinta, nan roba ta fi kwanciyar hankali. Banɗaki da kicin ma roba. Taga mai faɗi sosai kuwa ni katako zan zaɓa, domin doguwar roba takan saki ciki.

Kafin ka tura kuɗi, kada ka yarda da hoto kawai. Ka ce mai kaya ya yi maka bidiyon wani yankakken gefe. Nan za ka ga ko cikin robar holoko ne. Nan kuma za ka gane ko "katakon" da ake tallata maka MDF ne, wato garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda. Cikinsa lilis yake, babu jijiyar itace, kuma da ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya ɓarɓashe. Ba laifi ba ne a sayar da shi, laifin a karɓi kuɗin maɗaci a kansa.

Idan kayan sun iso, haska tocilan wayar a kan mahaɗa. Aiki mai kyau, ana fere bakin katako ɗaya a cusa shi cikin ramin ɗayan, ba ƙusa da gam kawai ba. Karkata fallayen ka saki, su tsaya inda ka bar su. Duba hinji kada ya zama mai saurin tsatsa. Awon tagar kuma ka yi shi da tef, sama da tsakiya da ƙasa, domin manhajar awo ta waya takan yi kuskure, kuma ginin namu ba kasafai yake zuwa daidai ba. Idan a cikin ramin tagar za a kafa ƙyauren, adadi mafi ƙanƙanta za ka tura wa mai aikin.