Zango a Bakin Gulbi da Cutar Tsargiya

Wanda ya tashi daga Runjin Sambo ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai daɗe ba zai gangara kwarin Gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa. Da rani makiyaya da masunta sukan yi zango a gaɓar gulbin, ɗalibai kuma sukan je nazarin tsirrai da kifaye. Sai dai mai kwana a irin wannan wuri, inda babu famfo babu makewayi, yana cikin haɗarin kamuwa da tsargiya.

Wata tsutsa ce ke haddasa cutar, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai suna Bulinus, su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito dubbai, musamman da tsakar rana, su huda fatar mai wanka ko wanki. Babbar alamar cutar ita ce fitsarin jini. In an yi sakaci, takan lalata mafitsara da ƙoda.

Saboda haka wajibi ne malamin da ya kai ɗalibai zango ya sa a haƙa masai nesa da gaɓa, ya hana shiga kwantaccen ruwa mai ciyayi. Ruwan wanka kuwa a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu, domin 'ya'yan tsutsar ba su kai haka da rai. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya hanzarta zuwa asibiti, akwai maganin praziquantel.