Baba Ya Dawo Daga Asibiti, Barci Ya Gagara

Tambaya: An sallamo mahaifina daga ɗakin kulawa ta musamman, amma dare ya zame masa rana. Me ya jawo haka? Daga wata mai karatu, Gonin Gora.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A irin wannan ɗaki fitila kan kwana a kunne don a riƙa duba majiyyata. Hasken dare kuwa yana rage sinadarin melatonin mai kawo barci, sai agogon jiki ya rikice, musamman ga tsofaffi. Da hantsi ki fito da shi ya sha rana. Daga ƙarfe 9 na dare a rage haske, a ɗauke waya. Don Allah kada ki sayo masa maganin barci a kemis. In ya fara sambatu ko ya kasa gane ku, ku mayar da shi wurin likita a ranar.