Darasi: Aikin Iyali Wajen Raba Matashi Mai Laifi da Buguwa

Idan yaro ya dawo daga gidan gyaran hali, irin na Kakuri a Kaduna, ko na Ilori da Abekuta, mukan zaci hukunci ya gama aikinsa. Amma in buguwa ce ta kai shi ga sata ko faɗa, sa'an nan ya tarar da tukunyar burukutu da tsofaffin abokai suna jiransa, komawarsa gaban alƙali ba ta da nisa.

Mu dubi Matt Talbot, mutumin Dublin, wanda aka haifa a 1856. Ya fara sha yana ɗan shekara 12, har ya kai ga satar gogen wani mabaraci domin ya sayi giya. A 1884 ya yi alkawarin dainawa, mahaifiyarsa ta ƙarfafa shi, bai kuwa sāke komawa ba har rasuwarsa a 1925. Haka nan masanin halayyar ɗan Adam, Scott Henggeler na Amurka, ya kafa hanyar jiyya wadda ake bin yaro mai laifi har gida, a yi aiki tare da iyayensa da malamansa na tsawon wata 3 zuwa 5, domin ya lura gyaran yaro shi kaɗai ba ya daɗewa.

Me za mu yi ke nan?

1. Mu kawar da giya daga gida. Uban da ke aiken ɗansa mashaya ba shi da bakin tsawata masa.
2. Mu sa doka bayyananniya: lokacin dawowa gida, da waɗanda zai yi tarayya da su. Uba da uwa su yi magana da murya ɗaya.
3. Kada mu biya masa bashin giya, kada kuma mu ɓoye laifinsa. Mu yaba masa a kan kowane mako da ya yi bai sha ba.
4. Mu nema masa sana'a ko makaranta, gama zaman banza ne ƙofar mashaya.
5. In shansa ya yi nisa, mu kai shi asibiti. Dainawa farat ɗaya takan jawo makyarkyata da farfaɗiya, har ma da mutuwa.

Tambayar nazari: bayan mun karanta Luka 15, wane yaro ne a unguwarmu muka bar wa ƙofa a rufe? Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikima. Amin.