Amsoshin Tambayoyinku: Likitan yara da tambayar sana'ar maigida

Wata mai sauraronmu daga Gusau tana tambaya: me ya sa likitan yara ya tsare ta da tambayar sana'ar maigidanta, alhali rashin lafiyar ɗanta ce ta kai ta asibiti?

To Hajiya, likitan nan ya yi daidai. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan jiharku ta Zamfara. A lokacin, duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ake kawowa a daka a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro har girmansa. Shi ya sa likita ke son sanin abin da ke shigowa gidanku, har tufafin aiki, har kwallin da ake rambaɗa wa jariri, domin wani kwallin da dalma a ciki.

Sauran abubuwa masu guba a gida kuma, irin su kalanzir da fiya-fiya, don Allah kada a zuba su a kwalbar lemo. Yaro in ya sha kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu.