Yadda Ake Cire Ciyawa a Ƙasa Mai Duwatsu Don Faɗaɗa Fangalin Furanni

A wurare irin su Jos, ko duk gidan da aka gina kan marmara, mai son ƙara wa furanninsa fili yakan sara ƙasa ya ji ƙarfe ya daki dutse. Wannan ba dalilin fasawa ba ne. Aikin na son haƙuri, kuma abin da ya fi duwatsun wuyar sha'ani shi ne saiwar ciyawa.

Kayan aiki: diga, dagi, shebur, fartanya, manjagara, baro, rariyar yashi irin ta magina, igiya da turaku, sai safar hannu da takalmi mai kauri.

1. Zaɓi lokaci. Farkon damina ya fi, bayan ruwa ya sauka sau biyu ko uku. In da rani ne, ka jiƙa wurin sosai da yamma, ka fara aiki washegari da safe. Busasshiyar ƙasa tana tsinka saiwa, mai caɓi kuma tana dunƙulewa.

2. Shata iyaka. Kafa turaku ka ja igiya. Kafin ka ɗaga diga, tabbatar babu bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙarƙashi.

3. Ɗaye ciyawar. Yanka ta gida-gida, kowane gida kamar faɗin bakin shebur, ka zura shebur ta ƙasa ka ɗago. Kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwar ta koma wurin, domin ita ce mafi kyawun ƙasar da kake da ita.

4. Farfasa ƙasa. Yi amfani da diga har zurfin santimita 30. In ka ci karo da babban dutse, kada ka yi ta dukansa. Tone gefensa, ka sa bakin dagi a ƙarƙashi, ka tokara da ƙaramin dutse ka ɓanɓaro shi, sannan ka mirgina shi maimakon ɗauka. In kuwa fa ne a shimfiɗe, bar shi, ka ɗaga fangalin sama da ƙarin ƙasa.

5. Tsince saiwa. A nan aikin yake. Ciyawar kiri-kiri na yaɗuwa ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, kuma guntun da bai kai tsawon yatsa ba, muddin yana da gaɓa, zai sake tsirowa. Aya-aya kuma tana barin 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri, jere a jikin siririyar saiwa. Bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka shanya a rana har su bushe ƙarau. Kada ka zuba su ɗanye cikin ramin taki.

6. Tankaɗe. Jingina rariya a kan baro, ka riƙa watsa ƙasar. Cire duwatsun da suka fi ƙwai girma. Ƙananan tsakuwa ba sa cutar da fure, suna ma taimaka wa ruwa ya tsane.

7. Cike gurbi. Bayan an kwashe duwatsu wurin zai lotsa. Zuba baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu, ka cakuɗa, ka baje da manjagara. Ɗanyen taki yana ƙona saiwar dashe.

8. Yi katanga. Tona ɗan siririn rami tsakanin fangali da ragowar ciyawa, ka jera manyan duwatsun da ka fitar a bakinsa. Za su riƙe ƙasa lokacin ruwa mai ƙarfi, ramin kuma zai nuna maka duk reshen ciyawar da ya ƙetaro.

9. Dakata kafin dashe. Yi ban ruwa, ka bar wurin mako 2. Duk saiwar da ta ɓuya za ta tsiro, sai ka tono ta tun daga tushe. Daga nan ka dasa furanninka da yamma, ka rufe gindinsu da busasshen ganye.

Kada ka ɗauko filin gaba ɗaya a rana guda. Gama mita ɗaya da kyau kafin ka matsa gaba, domin saiwar da ka bari yau ita za ka yi ta cira a tsakanin furanninka duk damina.