Daura Uku da Iyakar da ta Ratsa Ƙasarsu

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Nijeriya zai ga Daura a can ƙarshen arewa, kamar an jingina ta da bango. Daga birni zuwa Kwangwalam, inda jami'an kwastan suke tare motoci, tafiya ce ta 'yan mintoci. Wannan ya sa yara da yawa suke ɗaukar cewa Daura garin gefe ne tun asali. Ba haka ba ne. Tsohuwar ƙasar Daura ta miƙa kudu da arewa da layin nan, kuma birnin zango ne na ayarin da ke sauko da gishiri da kanwa daga Sahara. Abin da za mu duba a wannan darasi shi ne yadda tsakiya ta koma gefe.

Kowa ya san labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu, don haka ba sai mun tsaya a kansa ba. Abin da ba a cika koya wa yara ba shi ne abin da ya faru bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A wajen 1805 Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu kuwa ya fita da jama'arsa ya yi arewa. To, gidan sarautar bai mutu ba. Magadansa sun yi shekaru suna yawo daga wannan gari zuwa wancan, har wani reshe ya kafu a Zango, wani kuma a Ɓaure. Ke nan a ƙarni na 19 akwai sarakuna uku a lokaci guda, kowannensu yana amsa sunan Sarkin Daura: na Fulani a birni yana bin Sakkwato, ga kuma na Haɓe biyu, kowa yana cewa shi ne magajin gaskiya. Ta kudu ma ƙasar ta ragu, domin masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa ta ci wani yanki daga Daura, kamar yadda ta ci daga Kano da Katsina.

Wanda ya fi cin moriyar wannan rabuwa shi ne Damagaram. Sarautar Damagaram tana kai gaisuwa Borno ne, ba Sakkwato ba, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta yi ƙarfi ƙwarai: an kewaye birnin da ganuwa, ana ƙera igwa a cikin gari, fatake suna zuwa daga Tarabulus. Sarakunan Zango sun sami mafaka a ƙarƙashin Damagaram, amma mafaka ce mai tsada, don sai da ta kai Damagaram ce ke naɗa su tana tuɓe su. Sarakunan Fulani na birni su ma kullum a cikin fargaba suke. Mai karatu ya yi tunanin halin talakan ƙauye a wancan zamani: bana wannan sarki ya aiko karɓar haraji, baɗi wancan ya kawo hari, shi kuwa bai matsa daga gonarsa ba. A 1898 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano. Saboda haka kada wani ya ce Turawa ne suka fara raba Daura. Sun tarar da ita a rabe. Bambancin shi ne iyakar da ta kasance kafinsu tana motsi, takan matsa gaba ko baya gwargwadon ƙarfin sarki, kuma biyayya ga mutum ake yi. Tasu kuwa layi ce a kan takarda.

Yadda aka ja layin nan ya cancanci a tsaya a kansa. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali kusan babu wani daga cikin masu sa hannun da ya taɓa ganin ƙasar. A 1898 suka sake zama, aka ɗora kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100. A 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, a 1903 kuma Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. A nan ne Faransawa suka gane an bar musu rairayi: babu hanya mai rijiyoyi da za ta kai su daga Kwara zuwa Damagaram ba tare da sun ratsa ƙasar Ingila ba. Sai suka nemi gyara, aka yi musu a yarjejeniyar 1904, aka turo layin kudu. Me Ingila ta karɓa a madadi? Daga ciki har da haƙƙin su da Faransa take da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yau yake cikin Kanada. Wato kifin wani teku mai ƙanƙara yana cikin abin da aka auna kafin a yanke wane ƙauyen Hausa zai biya haraji ga wa. Aka ƙara gyara a 1906, sannan Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa da ƙafa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamu 148. An tabbatar da aikinsu a 1910, kuma shi ne iyakar da Nijeriya da Nijar suka gada a 1960.

A cikin shekarun nan ne Ingilishi suka yi abin da ba su saba yi ba a ƙasar Hausa. Suka kawar da Murnai, sarkin Fulani na ƙarshe a Daura, suka kawo Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a birnin kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911 ya yi mulki har 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007. Daura uku ta koma ɗaya, amma ɗaya mai guntun hannu, domin yankin arewa ya tafi hannun Faransa. Masarautar yau ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu.

Irin wannan ba a nan kaɗai ya faru ba. A duwatsun Karfatiya na Turai akwai wata ƙaramar al'umma da ake kira Rusin. Garinsu Uzgorod yana cikin daular Ostiriya da Hangari har 1918, ya shiga Cekoslobakiya a 1919, Hangari ta karɓe shi a 1938, Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan Yukren a 1991. Tsoho ɗaya zai iya riƙe takardun ƙasashe biyar bai bar unguwarsu ba. Nasu ya fi namu tsanani ta wani fanni, domin har yau ana gardama ko su al'umma ce mai zaman kanta: Sulobakiya ta yarda, gwamnatin Yukren kuwa tana lissafa su reshe ne na 'yan Yukren. Bahaushen Magarya babu mai yi masa gardamar Hausancinsa.

Duk da haka layin ya yi aiki a kan harshe da rayuwa. A zamanin mulkin mallaka mutane da dama sun tsallako kudu don gudun aikin dole, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946. Yau yaron Matamaye yana zuwa lakwal wurin mushe, ɗan'uwansa na Zango yana zuwa makaranta wurin malam. Can idan an ce za a je likita asibiti ake nufi. Dala a can sefa biyar ce, jikka kuma sefa dubu, shi ya sa baƙon da ya shiga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi zai ga dillalan shanu suna lissafi biyu a kai ɗaya ba su ruɗe ba. Aure, zumunci, sallah da jana'iza kuwa ba su taɓa sanin alamun Tilho ba.

Sai ranar da gwamnatoci suka ɓata ake tunawa da layin. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019 don hana shigo da shinkafa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. A irin waɗannan lokuta manyan 'yan kasuwa sukan sami hanya. Wanda ke shan wuya shi ne mai buhun gero ɗaya, da mai tumaki biyu, da matar da iyayenta suke ƙetare. A gefe guda kuma, tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, kuma an tsara shi ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya ƙetare iyaka.