Dusar Ƙanƙara Da Gaɓar Rafi

Mu 'yan makaranta na ƙasar Ƙanƙara, baƙi kan yi mana ba'a, wai ina ƙanƙarar take? Gaskiya ba mu da ita, sai 'yar wadda kan zubo da hadarin farkon damina, ta yayyaga ganyen masara, ta narke kafin yara su gama tsinta. Amma a ƙasashen sanyi akwai wata iri mai laushi kamar auduga, watau dusar ƙanƙara, kuma a darasin labarin ƙasa na koyi cewa tana kisa.

Ga yadda abin yake. A kan manyan duwatsun Turai dusar tana taruwa ne hawa-hawa. Idan ta ƙasa ta yi garas-garas kamar sukari, sa'an nan guguwa ta jibga sabuwa mai nauyi a kai, to, ta saman ba ta da abin riƙewa. Mutum ɗaya ya taka, sai falle guda ya tsage ya gangaro, ya haɗiye itatuwa da gidaje. Gangaren da ya fi yin haka shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, galibi ana cikin guguwa ko kwana ɗaya bayanta. Ran 23 ga Fabrairu 1999 irin wannan ta auka wa ƙauyen Galtur a Ostiriya, mutum 31 suka mutu. Wanda ta binne, in an tono shi cikin minti 15 yawanci yakan rayu. Bayan rabin sa'a kuwa, da yawa numfashi ya ƙare musu.

Kada iyayenmu su ce wannan matsalar Turawa ce. A ganina abin da dusa ke yi can, shi ƙasa ke yi nan. Cikin watan Agusta, in an kwana ana ruwa a Faskari ko Sabuwa, gaɓar rafi da bakin kududdufi sukan jiƙe su yi nauyi, alhali an riga an rarake gindinsu wajen ɗiban yashi da ƙasar gini. Haka ma ramukan farar ƙasa na nan Ƙanƙara. Kuma su wa ake aikawa can da jaki da mangala? Yara.

Gaɓa takan nuna alama kafin ta rufta: tsaga a samanta, ruwa yana tsattsafowa daga jikinta, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan. Masu hawan dutse a Turai ɗaya bayan ɗaya suke ƙetare gangare, kowa da sheburinsa. Mu ma a bar haƙa washegarin babban ruwa. In ya zama dole, mutum ɗaya ya tsaya daga gefe riƙe da shebur, domin in ta rufta babu lokacin rugawa gari neman taimako.